Aiki Daga Gida a Birnin Paris: Kafin Ka Ɗaura Kaya

Ga abin da muka tattauna a shirin da ya gabata, mun rubuta shi saboda wanda bai samu kunna rediyo ba, da kuma wanda ya ji amma yana son ya riƙe alƙaluman a hannu, don maganar kuɗi in ta shiga ta kunne kawai ba ta daɗewa.

Tambayar ta sha zuwa mana, daga Maradi, daga Garwa, daga Kumasi, kalmomi daban amma manufa ɗaya. Matashi ne ya iya aikin kwamfuta. Wani fassara yake yi, wani zanen talla, wani rubuta manhaja, wata kuma tana riƙe wa wani kamfani lissafi, kuma duk ta intanet ake biyansu. Sai mutum ya ce: "Tunda aikina a cikin kwamfuta yake, me zai hana in saɓa ta a jaka in koma Paris, in ci gaba da abina a inda wuta ba ta ɗaukewa?" Tambaya ce mai ma'ana, ba ta wauta ba. Kai da ka taɓa rasa aiki saboda wuta ta ɗauke ana tsakiyar taron bidiyo, ka san zafin abin.

To ga amsar a taƙaice, sauran bayanin duk daga cikinta ya fito. Hukumar Faransa ba ta duba inda kuɗinka ke fitowa ba, inda kujerarka take shi take dubawa. In kana zaune a Paris kana danna kwamfuta ana biyanka, a wurinta aiki kake yi a ƙasar Faransa, ko da mai biyan naka yana Kanada ko Legas. Saboda haka sai ka nemi izinin aiki, sai ka biya haraji a can, sai ka samu ɗaki da adireshi na gaskiya. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma za mu fi daɗewa a kan ɗaki, don a nan yawanci ake yin kuka.

Mu fara da takarda. Wataƙila ka ji ana cewa wasu ƙasashen Turai sun fito da biza ta musamman ga masu aiki daga nesa. Gaskiya ne. Istoniya ta fara a 2020, Fotugal ta bi a watan Oktoban 2022, Sifen kuma a 2023. Amma ba kyauta ba ce: Fotugal tana son ka nuna kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a 2025 ya kama yuro 3,480 a wata. Ita kuwa Faransa ba ta da irin wannan bizar sam. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ka riƙe.

Bizar gajeren zama ta Schengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, kwana 90 take ba ka a cikin kowane kwana 180, kuma ta ziyara ce. Akwai bizar dogon zama ta baƙo, wadda Faransawa ke kira visiteur, da yawa suna hangen ta a matsayin ƙofa. Sai dai kafin a ba ka ita, sai ka sa hannu a kan alkawarin cewa ba za ka yi kowace irin sana'a a Faransa ba. Za ka ji masu cewa ai in kamfanin a waje yake, ba ya cikin lissafi. To, takardar da ka sa wa hannu dai ba ta ware wannan ba, kuma ranar da ka je sabunta takardar zama za a tambaye ka da me kake ci. Ni dai ba zan ba ka shawarar gina rayuwarka a kan "wai" ba.

Hanyoyin da suke a fili guda uku ne ko huɗu. Ko dai wani kamfani da ke Faransa ya ɗauke ka aiki ya nema maka izini da kansa, sannan ya yarda ka riƙa yi daga gida. Ko ka cancanci takardar da suke kira talent, ta ƙwararru, wadda takan kai shekara huɗu. Ko ka nemi takardar mai sana'ar kansa, inda za ka gamsar da su cewa sana'ar za ta iya kawo maka aƙalla mafi ƙarancin albashin ƙasar. Ɗalibi kuma an yarda masa ya yi aikin albashi na awa 964 a shekara, amma takardar ɗalibta ba ta ba shi damar buɗe sana'ar kansa ba, don haka ɗan aikin da kake karɓa ta intanet kana ɗalibi, ka yi tambaya a kansa tun wuri. Ga ƴan'uwanmu na Nijar akwai ƙarin wahala, domin ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai a rufe yake tun farkon 2024.

Wani zai ce, to ni ina da kamfanin da nake wa aiki a wata ƙasa, albashi na wata-wata, kuma ina da takardar zama ta wata hanyar, aure ko makamancin haka. Nan ma akwai magana. Doka ta ce kamfanin nan, ko da ba shi da ko tebur ɗaya a Faransa, sai ya yi rajista da hukumar URSSAF, mai karɓar kuɗin kiwon lafiya da fansho, ya riƙa zuba maka kaso kamar kowane ma'aikaci. Kamfanoni da yawa da sun ji haka sai su ce a'a, ka koma ɗan kwangila kawai. Ka san wannan kafin ka sayi tikiti.

To, mu ƙaddara takarda ta samu. Yanzu sai ɗaki.

Paris ɗin da ke cikin ganuwa, in mun kira ta haka, ƙarama ce: unguwanni 20, faɗin ƙasa kamar murabba'in kilomita 105, mutane kusan miliyan 2 da dubu 100 a cunkushe. Yankin gaba ɗaya da kewayensa ya kai miliyan 12. Masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa mai gida ne ke zaɓen ɗan haya, ba ɗan haya ke zaɓen gida ba. Ɗan ɗaki guda mai murabba'in mita 20, da ɗan wurin girki a kusurwa da banɗaki, ba wuya ya kai yuro 800 zuwa 1,000 a wata. Da yake darajar sefa a ɗaure take da yuro, ta Yamai da ta Njamena da ta Yawunde duka, yuro ɗaya sefa 655.957, lissafin ba shi da wuya: hayar yuro 900 ta kama jikka 590 da ƴan kai. Kowane wata fa, ba shekara ba. Ku na Najeriya da Gana sai ku buga da farashin canjin ranar.

Dokar 2002 ta ce ɗakin da za a ba da haya kada ya gaza murabba'in mita 9. Ka auna a tsakar gidanku, mita uku nan, mita uku can. Shagon mai cajin waya a bakin kasuwa ya kusa haka. Irin waɗannan ɗakunan suna nan da yawa a can ƙololuwar tsofaffin benaye, hawa na shida ko na bakwai, inda a zamanin da ake kwantar da barorin gida. Sau da yawa ba na'urar hawa, sai matakala, wani lokacin ma banɗakin a waje yake, na haɗaka. Ga wanda ke fita ofis da safe ya dawo da dare, wurin kwana ne kawai, ana iya jurewa. Amma kai da za ka yi aiki daga gida, wannan ɗakin shi ne ofishinka, shi ne ɗakin girkinka, shi ne wurin sallarka, shi ne makwancinka, awa ashirin da huɗu. Gadon da ka tashi daga kai shi ne abokan aikinka za su gani a bayanka a taron bidiyo. Wannan bambancin ba a cika faɗa wa mutane shi ba.

Kuma rufin waɗannan benaye na kwano ne, irin tokar nan da ke sa Paris ta yi kyau a hoto. Da hunturu sanyi, sai ka kunna na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki kuɗin wuta ya hau. Da bazara kuwa tanda. Na san kai ɗan Damagaram za ka yi dariya, wai Bature na kukan zafi. Ranar 25 ga Yulin 2019 ma'aunin zafi ya kai 42.6 a Paris, a garin da yawancin gidaje ba su da na'urar sanyaya ɗaki, ba tsakar gida, ba inuwar darbejiya, ba hawa soro a kwana. Zafin watan Agustan 2003 ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, akasari tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Ba abin dariya ba ne.

Samun ɗakin kansa wani aiki ne. Ba a zuwa da kuɗi a hannu a ce ga na shekara, kamar yadda muka saba. Tarin takardu ake kaiwa, su ce dossier: katin shaida, takardar zama, kwantiragin aiki, takardun albashi na watanni uku na baya, shaidar biyan haraji. Al'adar masu gidaje, ko da yake ba doka ba ce, ita ce abin da kake samu ya ninka haya sau uku. Ɗakin yuro 900 kenan sai mai samun 2,700 bayan an cire komai. Ka kwatanta da mafi ƙarancin albashi, wanda a Nuwamban 2024 ya kasance yuro 1,801.80 kafin cire-cire, kusan 1,426 a hannu. Bayan haka kuma sai a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, mai albashi a Faransa, wanda zai biya in ka gaza. Baƙo jiya-jiya ina zai samo shi? Akwai tsarin da ake kira Visale, wanda ke tsaya wa matasa ƴan shekara 18 zuwa 30 da wasu ma'aikata kyauta, yana da kyau ka neme shi, amma ba kowane mai gida ke karɓa ba.

A nan ne mai sana'ar kansa yake shan wuya fiye da kowa. Mai gida ya fi son ma'aikaci mai kwantiragin dindindin. Kai da kuɗinka ke shigowa yau da yawa gobe kaɗan, daga ƙasashen da bai san su ba, sai ya tura takardunka ƙasan tari, ko da kana samun fiye da wancan. Kuma kada mu ɓoye wa juna: gwaje-gwajen da ƙungiyoyin yaƙi da wariya suka yi sun nuna mai suna irin namu ba ya samun amsa kamar mai sunan Bafaranshe. Doka ta haramta hakan, akwai ma hukumar da ake kai wa ƙara, Défenseur des droits, amma ƙara ba ta ba ka wurin kwana a daren nan.

Akwai dai abubuwan da doka ta kare ɗan haya da su, kuma ya kamata ka san su don kada a cuce ka. Kuɗin ajiya hayar wata ɗaya ne in ɗakin ba kaya, wata biyu in da kaya, ba fiye ba. Tun ranar 1 ga Yulin 2019 birnin Paris ya sa iyaka ga abin da za a iya caja a kowace unguwa, kana iya dubawa ka ga ko an wuce. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya waje. Inshorar ɗaki dole ce a kanka. Sannan, don Allah, ka ji wannan da kyau: ba a biyan ko sisi kafin ka ga ɗaki da idonka ka sa hannu a kwantiragi. Duk wanda ya nuna maka hoton ɗaki mai kyau da arha ya ce yana tafiya, ka turo kuɗi ya aiko maka da mabuɗi, ɓarawo ne.

Da yawa daga cikin namu suna farawa ne a wurin ɗan'uwa ko ɗan gari, a Saint-Denis ko Aubervilliers ko Montreuil, inda haya ta ɗan fi sauƙi kuma metro ko jirgin RER ke kaiwa. Ba laifi. Amma ka roƙe shi ya rubuta maka takardar shaidar cewa a wurinsa kake, don ba a buɗe maka asusun banki ba adireshi, mai gida kuma ba ya ba ka ɗaki ba asusun banki. In banki ya ƙi ka, ka karɓi ƙin a rubuce ka kai Banque de France, doka ta ce ta zaɓa maka bankin da zai buɗe. Ka kuma tuna, gidan da mutum biyar ke kwana a ɗaki biyu, yara na kuka, talabijin na kunne, ba wurin taron bidiyo ba ne. Zumunci da yawa ya lalace a kan haka.

Yanzu mu zo ga lissafi, ka ɗauko biro da takarda. Mai sana'ar kansa yawanci yakan yi rajista a tsarin micro-entrepreneur, wanda aka ƙirƙiro a 2009. Yana da sauƙi: a ba ka lamba, ka riƙa bayyana abin da ya shigo duk wata ko duk wata uku, ka biya kaso. Ga masu aikin ƙwaƙwalwa irin su fassara da rubuta manhaja, a 2025 kason ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a kan duk abin da ya shigo ake cirewa, ba a kan riba ba. Kuɗin kwamfutar da ka saya ba ruwansu. Mu ƙaddara kana samun yuro 2,500 a wata, wato sefa miliyan 1 da jikka 640 kusan. A gida ai kai babban mutum ne. To cire kamar 615 na URSSAF, saura 1,885. Cire haya 900, saura 985. Katin Navigo na shiga metro da bas, a 2025 yuro 88.80 ne a wata, kuma kai ba ka da kamfanin da zai mayar maka da rabi kamar yadda doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata. Intanet da waya ka sa 50, wuta da inshora 70, abinci 300 in kana girki da kanka, ƙarin inshorar lafiya 30. Abin da ya rage bai wuce 450 ba, kuma ba mu taɓa harajin kuɗin shiga ba, ba mu sayi rigar sanyi ba, ba mu aika wa Inna ko dala ba. Wannan misali ne na ƙaddarawa, naka zai iya bambanta, amma ka ga yadda miliyan ɗaya da rabi ke narkewa. Kuma ka lura, da wannan samun ko ninki ukun da mai gida ke nema ba ka kai ba.

Ba asara ba ne duka, a yi adalci. Kuɗin da aka cire shi ne ke ba ka katin Vitale na asibiti. Ganin likita yuro 30 ne tun Disamban 2024, hukuma ta mayar maka da kashi 70 cikin 100, ƙarin inshorar ta cike mafi yawan saura. Wanda ya taɓa sayar da gona don a yi wa mahaifinsa aiki a asibiti ya san darajar wannan.

Maganar haraji kuwa, in gidanka ko babban aikinka a Faransa yake, to a can za ka bayyana duk abin da kake samu, har da wanda ya fito daga waje. Ƙasashe kan ƙulla yarjejeniya don kada a caji mutum sau biyu. Sai dai a Disamban 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke tasu yarjejeniyar da Faransa. In kana da abokan ciniki a gida kuma kana zaune a can, ka nemi masanin haraji ya duba maka, kuɗin da za ka ba shi bai kai wanda za ka rasa ba.

Wanda kamfanin Faransa ya ɗauka, shi kam nasa ya fi daɗi. Aikin gida, télétravail a bakinsu, ya shiga dokar ƙwadago a 2012, aka sauƙaƙa shi a 2017, sannan kullen korona na 17 ga Maris 2020 ya mayar da shi ruwan dare. In ka ji rauni a ɗakinka a lokacin aiki, ana ɗaukar sa hatsarin wurin aiki. In tsarin kamfanin ya ba irin aikinka damar yi daga gida aka hana ka, sai an faɗi dalili. Tun Janairun 2017 kuma akwai abin da suke kira ƴancin kashe waya, wato kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya tsara yadda ba za a dame ka da saƙo bayan an tashi ba. Ga hutun mako biyar a shekara da albashi. Amma yawancin kamfanoni kwana biyu ko uku suke bayarwa a mako, sauran sai ka je ofis. Kuma awa 35 ɗin nan da ake ta yayatawa ba ta shafi manyan ma'aikata da yawa ba, su da kwanaki ake lissafa musu, ba da awa ba.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, shi ne kaɗaici, kuma a ganina ya fi haya nauyi. A garinku ko kana aiki a ɗaki, da ka leƙo ƙofa ga mai shayi, ga majalisa, ga maƙwabci na tambayar ya iyali. A Paris maƙwabcinka zai ce maka bonjour a matakala shekara uku bai san sunanka ba. Ba mugunta ba ce, haka zamansu yake. Baƙo a ofis yake gyara Faransancinsa, a ofis yake jin wane ya bar ɗaki, a ofis yake koyon yadda ake wa hukuma wasiƙa. In ka cire ofis, ka cire duk wannan. Ana iya yin kwana uku mutum bai yi magana da ɗan'adam ido da ido ba. Ga duhu: a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, kafin biyar na yamma ta faɗi, kuma galibi sama a lulluɓe take. Ka fara aiki da fitila, ka gama da fitila. Shi ya sa in da za ka ji tawa, shekararka ta farko kada ka nemi aikin gida zalla ko an ba ka. Ka karɓi na kwana biyu ko uku.

In kuma dole ne, to ka tilasta wa kanka fita. Ɗakunan karatu na birni kyauta ne, da intanet, da ɗumi. Gidajen shan kofi wasu suna barin mai kwamfuta, wasu kuwa da lokacin abincin rana ya yi sai su ce a rufe ta, kuma kofi ɗaya ba ya sayen kujera yini guda. Akwai ofisoshin haɗaka da ake hayar tebur, wata ɗaya yakan ci ɗaruruwan yuro. Masu kafa sabon kamfani sun san Station F a unguwa ta 13, da aka buɗe a 2017, amma sai an zaɓe ka ake shiga. In kewar gida ta taso, ka hau metro layi na 4 ka sauka Château Rouge, a unguwa ta 18, za ka samu kuɓewa da kuka da busasshen kifi da doya, ka ji harsunan da ka sani. Wani alherin aikin gida kuma shi ne Juma'a: ranar aiki ce a can, amma kai da ke tsara lokacinka kana iya zuwa masallacin unguwa, ko Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, ka dawo ka ci gaba. Ba za ka ji kiran salla daga titi ba, waya ce ladaninka. Lokutan kuma suna yawo sosai: a watan Yuni magariba sai wajen goma na dare, azumin da ya faɗo a lokacin yakan kai awa 18.

Agogo ma ka kula da shi. Da hunturu lokacin Paris ɗaya ne da na Yamai da Njamena da Kano. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai su tura agogo gaba da awa ɗaya. Akara kuwa tana bayansu da awa ɗaya da hunturu, biyu da bazara. In abokan cinikinka a New York suke, tazarar awa shida ce, ka shirya yin aiki har dare, a ɗakin da bangonsa ke kai wa maƙwabci duk abin da ka faɗa. Bayan ƙarfe goma na dare ƙara na iya jawo maka ƴan sanda.

Sai ƴan'uwa na gida, Allah ya bar zumunci. Da sun ji kana gida kullum, shi kenan, ba ka da aiki, kira ba dare ba rana. Da sun ji Paris kuma, kuɗi ne kake sharewa da tsintsiya. Ka faɗa musu lokacin aikinka tun farko, ka kuma nuna wa wanda ya dace lissafin nan da muka yi a sama. Ke kuma ƴar'uwa mai goyo, kada a ruɗe ki da cewa tunda a gida kike za ki haɗa aiki da reno. Babu kaka, babu ƙanwa, wurin renon yara na hukuma sai an yi layi, makarantar dole daga shekara uku take farawa, ranar Laraba kuma da rana yara suna gida.

Wani abin lura shi ne su kansu ƴan Paris da suka samu aikin gida, da yawa tattarawa suka yi suka bar garin. Yawan mutanen birnin raguwa yake yi shekara da shekaru. Jirgin TGV yana kai ka Lille a awa ɗaya, Rennes a awa ɗaya da rabi, Lyon ko Bordeaux a kamar awa biyu, kuma a yawancin irin waɗannan garuruwa kuɗin ɗaki guda na Paris zai ba ka ɗaki da falo. Mai gari na gudu, baƙo na rububin shiga. Don haka ka tambayi kanka me kake nema a Paris ɗin takamaimai. In abokan ciniki ne da sai an gan ka ido da ido, ko karatu, ko asibiti, ko iyalinka na can, to akwai dalili. In kuwa wuta ce da intanet kawai, ka buga kuɗin hayar wata uku a Paris ka ga faranti nawa na sola da batir zai saya maka a gida. Intanet ta tauraron ɗan'adam ta Starlink ta shiga Najeriya a 2023, Gana a 2024, Nijar a 2025. Matsalar da ta rage mana babba ita ce karɓar kuɗi daga waje, wannan kam sai mun ware mata shiri nata.

Tambaya ta ƙarshe da aka aiko ta fito ne daga wani da ya riga ya zauna a can. Ya ce tunda daga gida yake aiki, zai iya tahowa Maradi ya yi wata biyu na hunturu wurin iyaye yana aikinsa? In ma'aikacin kamfani ne, sai da izinin kamfanin a rubuce, don inshorar hatsari da tsaron bayanan kamfani ba lalle su bi shi har can ba, kuma an sha sallamar mutane a kan tafiya ba sanarwa. In mai sana'ar kansa ne ya fi ƴanci, amma takardar zama ta wanda ke zaune ce, in ya fi daɗewa a waje fiye da ciki za a tambaye shi. Ya kuma duba ranar da takardarsa za ta ƙare kafin ya sayi tikiti, domin yawancin takardun tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ƙarewarsu ake neman sabuntawa, kuma in ta mutu yana Maradi, komawar sai da sabuwar biza.